Dattijon da ke riƙe da injinmu ya ƙi koya wa kowa

Assalamu alaikum. Ina rubuto muku ne daga wani ƙauye a wajen Kura. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mana injin casar shinkafa da ma'aikata tara, 'yan'uwa kuma suka ɗora ni a kai saboda ni ne na yi karatu. Akwai wani dattijo da ke riƙe da injin tun ina firamare, shi kaɗai ya san saitinsa. Da bazarar da ta wuce ya kwanta ciwo sati uku, shinkafar mutane ta yi ta kakkaryewa, mata da yawa masu kawo mana aiki suka koma wani inji. Da ya warke sai na sayo littafi, na ce ya zauna ya faɗa mini duk abin da ya sani in rubuta, na kuma ce zan kawo wani yaro mai difloma ya riƙa tsayawa tare da shi. Tun daga ranar tsakanina da shi sai gaisuwa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Abin da ubanka bai tambaye ni ba, kai za ka tambaye ni?" Hajiyarmu ta ce in ba shi haƙuri. Abokaina sun ce in sallame shi in sayi sabon inji. Ni kuwa ban ga laifina ba. Ina mafita?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta, kai kuma ya taya ka riƙon abin da ya bari.

Damuwarka a kan hanya take, kada wanda ya ce maka rashin kunya ce. Sana'ar da ke ciyar da gida guda da iyalan mutum tara bai kamata ta rataya a lafiyar mutum ɗaya ba. Wannan tsoron ma ba yau aka fara jin sa ba. Bayan yaƙin Yamama, da aka rasa mahaddata da yawa, Sayyidina Umar ya je wajen Sayyidina Abubakar da shawarar a tattara Alƙur'ani wuri ɗaya don kada wani abu ya tafi da tafiyar masu riƙe da shi, aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabit aikin. Ba wai ina haɗa Littafin Allah da saitin inji ba, Allah ya tsare. Na kawo shi ne don ka san tunanin "in wane ya tafi fa?" tunanin masu hankali ne.

Inda ka yi tuntuɓe shi ne hanyar. Hajiya ta fi ka gaskiya, kuma ta fi abokanka nesa ba kusa ba.

Ka tsaya ka saurari maganarka da kunnen dattijon nan, bari in kira shi Baba. Mutum ya tashi daga jinya, ƙafarsa ba ta gama ƙwari ba, ubangidansa na shekara da shekaru yana ƙasa, sai ga ɗan da ya gani da gajeren wando ya zo da sabon littafi da biro, da labarin wani yaro mai takarda. Kai ka ce, "Koya mana." Shi abin da ya ji shi ne, "Juye mana abin da ke kanka, ka kama gabanka." Baba ba shi da fansho, ba shi da garatuti, ba shi da wata takardar ɗaukar aiki. Abin da ya tara a duniya, wanda ke sa a gaishe shi da safe a kuma biya shi da yamma, shi ne wannan sanin. Ka nemi ya miƙa maka jarinsa kaf, ba ka ce masa ga abin da zai riƙe ba. Ko ni ne, littafin nan da sai dai ya ci ƙura.

Sannan ko da ya yarda ya zauna da kai da zuciya ɗaya, ba za ka cika shafi biyar ba. Je ka tambayi Hajiya yawan kanwar da take sa wa miyar kuka, ka ji amsar da za ta ba ka. Za ta ce "daidai", ta nuna maka da yatsu. Ba rowa take yi ba, sanin a hannunta yake, ba a bakinta ba. Wani masani ɗan asalin Hangare da ya zauna a Ingila, Michael Polanyi, ya rubuta a 1966 cewa mutum kan san fiye da abin da zai iya faɗa, kuma a kan wannan maganar masu nazarin yadda ma'aikatu ke adana ilimin ma'aikatansu suka raba sani gida biyu: wanda ke shiga takarda, da wanda ke zaune a jiki. Lambar bel, adadin man da injin ke sha, shagon da ake samun boris mai kyau a Ƙofar Ruwa, duk waɗannan na takarda ne. Amma yadda Baba ke ɗaukar ƙwaya ɗaya ya gatsa ya ce "wannan a mayar da ita inuwa sai gobe", da yadda yake jin sauyin ƙarar inji yana tsakar alwala ya ƙwalla kira a kashe, da yadda yake tara tafin hannu a bakin fita ya ji ɗumin shinkafar ya san wuƙa ta matse da yawa, wannan ko shi kansa bai san ya san shi ba sai aikin ya zo.

Ka san rediyon National da iyayenmu suka yi yayi? Kamfanin da ke yin sa, Matsushita na Japan, wanda yanzu ake kira Panasonic, ya taɓa shiga irin halin da kake ciki. A 1985 injiniyoyinsa suna ƙera na'urar yin burodi a gida, burodin ya ƙi yin kyau, sun auna duk abin da ake aunawa sun rasa dalili. Sai wata ma'aikaciyarsu, Ikuko Tanaka, ta tafi ta zama 'yar koyo a wajen shugaban masu gasa burodi na wani otal a birnin Osaka. Da kallo da sa hannu ta gano cewa mutumin ba ja kawai yake yi wa ƙullin ba, yana haɗawa da murɗawa. Da tambayarsa aka yi ta takarda, da wuya ya ambaci murɗawar, don a wajensa kwaɓi kawai yake yi. Sai da ta tsaya kusa da shi, fulawa ta ɓata mata hannu, sannan aka iya sa abin a cikin na'ura. To ka ga babban kamfani ma da ya rasa mafita, barance ya koma, abin da maƙera da majema da marina suke yi a ƙasar nan tun kaka da kakanni.

Saboda haka abin da kake buƙata wajen Baba shi ne yara biyu da za su tsaya a gefensa kaka biyu ko uku. Na ce biyu, don yaron yau kana gama koya masa sai ka ji yana birni yana tuƙa adaidaita sahu. Kuma kada ka kawo su daga waje, kada kuma kai ka zaɓa. A cikin mutum taran nan akwai wanda ya daɗe yana zuba shinkafa a bakin inji yana satar kallon hannun Baba, kuma Baba ya san shi. Ka bar shi ya nuna da kansa. Wanda ubangida ya zaɓa yaronsa ne, in ya ƙware sunan ubangidan ne ya tashi. Wanda aka kawo masa daga sama kuwa kishiya ce. Yaronka mai difloma, in har kana son sa, ka ba shi sikeli da lissafi, wuri ne da ake bukatarsa kuma ba ya taka sawun kowa.

Amma kafin duk wannan, sai ka cire masa tsoron. Ba da daɗin baki ba, da magana mai shaida. Ku zauna da Hajiya da 'yan'uwanka masu haƙƙi a gadon, ku yanke abin da za ku iya: ranar da ƙarfin Baba ya gaza tsayuwa a kan inji, yana nan a matsayin mai duba aiki, da wani abu da za a riƙa ba shi duk wata, ko wani kaso a kan kowane buhu da aka casa. Ku yanke abin da ba zai gagare ku ba ko a shekarar da kasuwa ta faɗi, don alkawarin da aka karya ya fi wanda ba a yi ba ciwo. Sannan koyarwar kanta a yi mata lada daban, kuma ranar da yaro ya iya riƙe inji shi kaɗai a yi 'yar walimar yaye, a ɗinka wa Baba riga, a faɗa a gaban jama'a cewa wane yaron Baba ne. A faɗi wannan alkawari a gaban liman ko wani aminin mahaifinku. Za ka ce kuɗi ne. E, kuɗi ne. Lissafa abin da sati ukun nan suka ci maka, ka haɗa da matan da suka tafi ba su dawo ba, sai ka gwada.

Littafin naka kuma kada ka yar, aikinsa ne ka sauya. Maimakon ka rubuta abin da ke kan Baba, rubuta abin da ke faruwa a gidan injin. Duk aikin da ya shigo: na wace ce, wane iri ne, Sipi ko Jamila ko wani, nawa ya shiga a sikeli, nawa ya fito, karyayyiya ta yi yawa ko kaɗan. A cikin kilo 100 na shanshera, ɓuntu kan ɗauki wajen kilo 20, dusa wajen 10, don haka abin da ya rage, kusan 70, shi ne iyakar abin da ake fata, kuma ƙananan injinanmu ba sa kai wa nan. Tazarar da ke tsakanin wannan da abin da kake samu ita ce ke nuna maka ranar da aiki ya yi kyau da ranar da ya ɓaci. Yanzu haka ba ka da wannan lissafin, sai dai ƙorafin mata.

Ga wata dabara da nake so ka gwada in kun shirya. Akwai 'yar na'urar auna danshin hatsi, ana samun ta a birni. Shinkafa ta fi casuwa lafiya idan danshinta yana wajen kashi 14 cikin 100. In ya yi yawa ba ta casuwa da kyau, in ta bushe ƙayau kuma sai karyewa. Kada ka shigo da na'urar kamar alƙalin da zai kama Baba da kuskure, don wallahi ranar za ka rasa shi gaba ɗaya. Ka ce masa kana so ka koya wa na'urar haƙorinsa. Ya gatsa ya yanke hukunci tukuna, sannan a auna a rubuta lambar kusa da maganarsa: "ta yi", "da saura", "ta wuce". Kafin kaka ta ƙare kana da shafuka da ke fassara haƙorin Baba zuwa lamba, yaro ma zai iya aiki da su ranar da Baba ya tafi ɗaurin aure. Ina kyautata zaton za ka sha mamakin yadda bakinsu zai riƙa zuwa ɗaya, shi kuma zai ji daɗin ganin ƙarfe na gaskata shi.

Haka ranar da inji ya lalace. Wannan ita ce ranar karatu, ba ranar da komai ke tafiya lafiya ba. Da izininsa, wani ya ɗauki hoton bidiyo da waya yana kwancewa yana ɗaurawa, a bar shi ya yi ta faɗa da mitarsa, a cikin mitar ilimin yake. In yana rubutun ajami, ka ba shi nasa littafin ya rubuta yadda ya ga dama, kada ka ce sai da boko. Abin da aka ɗauka kuma a ajiye a waya fiye da ɗaya.

Yanzu bari in taɓo inda wasiƙarka ba ta leƙa ba. Ka ɗora karyewar shinkafar nan kacokan a kan saitin inji. Anya? Ka ce da bazara ne. Shinkafar da aka turara, in aka baza ta a rana mai ƙuna ta bushe da gaggawa, ƙwayar kan tsage daga ciki tun ba ta ga inji ba, ido ba ya gani sai an zuba ta ta watse. Shi ya sa masu gwaninta ke shanyawa su kwashe, su bar ta ta huta a inuwa, sannan su ƙarasa. Jiƙon ma da turarar kowanne da iyakarsa. Ba mamaki rabin aikin Baba ba a jikin inji yake ba, a bakin ƙofa yake, inda yake cewa wannan a kawo, wannan a dakata, wannan a sassauta mata. Da ya kwanta, yara suka riƙa zuba duk abin da aka sauke. In haka ne, akwai wasu masana da ba ka lissafa ba sam: matan nan da suka bar ka. Wasunsu sun fi shekarunka suna turara shinkafa. Sun san irin da ke son dogon jiƙo, sun san injin da ke cinye musu awo, kuma sun san takamaiman abin da ya kore su daga wajenka. Yawancinsu suna cikin gida, ba za ka shiga ba, amma Hajiya ko yayarka za ta shiga. A je a ba su haƙuri a tambaye su. Kura ba ta rasa injinan casa ba, tun da ruwan Tiga ya sauka a gonakin Kadawa bayan an gama dam ɗin a 1974 zamanin Audu Bako noman rani ya zauna a yankin, mai shinkafa kuwa tana da zaɓi. Wadda aka tambayi ra'ayinta ta fi saurin dawowa a kan wadda aka rage wa naira hamsin.

Sauran ma'aikatanka takwas fa, yaushe rabon da ka tambayi ɗayansu wani abu da ba "ka gama?" ba? Direban da ke ɗauko kaya ya san garin da ke cika buhu da tsakuwa. Mai gadi ya san lokacin da wuta ke zuwa da ƙarfi da lokacin da take rawa. Mai ɗinkin buhu ya san dillalin da ke ƙorafin gaskiya da mai neman ragi. Ka ware rabin awa ranar Alhamis da yamma, ka sa a dafa shayi, a zauna a kan buhuna. Sojojin Amurka suna da wani zama da suke yi bayan kowane atisaye, wanda kamfanoni da yawa suka ara, tambayoyi huɗu ne kacal: me muka yi niyya, me ya faru, me ya jawo bambancin, me za mu gyara. Sharaɗinsa shi ne ba a zo neman mai laifi ba. A wajenmu sai ka ƙara sharaɗi ɗaya: ƙaramin cikinsu ya fara magana, Baba ya rufe. In Baba ya fara, babu yaron da zai buɗe baki bayansa, kai ma ka sani. Zaman farko da na biyu za a yi ta kallon ƙasa ana cewa "ai ba komai". Ka daure. Ranar da wani ya kawo shawara ka yi aiki da ita a satin, bakin kowa zai buɗe.

In shawara ta yi amfani, ka kira ta da sunan mai ita. Kamfanin Xerox mai injinan fotokwafi ya kafa wani rumbu a shekarun 1990 inda masu gyaransa ke zuba dabarun da suka gano a bakin aiki, kuma kowace dabara tana ɗauke da sunan wanda ya kawo ta. Wannan sunan ya taimaka ƙwarai wajen sa mutane su saki abin da suka sani. Mu nan ma haka muke. Bahaushe zai yafe maka kuɗi, amma ba ya manta wanda ya ɗauki dabararsa ya kai gaba ya ce tasa ce.

Saura kai. An ce wanzami ba ya son jarfa. Lambobin dillalan da ke sayen shinkafarku, a wayar wa suke? Wa ya san waɗanda ake bi bashi da waɗanda ke bin ku? In kai ne ka kwanta sati uku, Allah ya kiyaye, wa zai biya ma'aikata, wa ya san inda takardun filin suke? Ka tuna watannin farko bayan rasuwar mahaifinku, mutum nawa suka zo da maganar "akwai abin da ke tsakanina da marigayi" ba ku da yadda za ku tabbatar? Abin da kake tsoro daga Baba ya riga ya same ku sau ɗaya, ta wajen mahaifinku, kuma kana kan hanyar maimaita shi. Ka fara da kanka: ka rubuta naka, ka nuna wa ɗaya daga cikin ƙannenka, ka bari Baba ya ga ka yi. Zai fi sauƙin sakin nasa in ya ga dokar ba don shi kaɗai aka kafa ta ba.

Batun sabon inji ba zan daɗe a kai ba. Gaskiya ne mai robobi ya fi tsohon mai wuƙa rage karyewa, in da hali nan gaba ka saya. Sai dai shi ma robobinsa na cinyewa, shi ma yana son saiti, kuma ba ya hana tsagaggiyar shinkafa watsewa. Ranar da za ka je dubawa, ka tafi da Baba a gaban mota.

Zai yiwu ka yi duk wannan ya ƙi. Akwai mutanen da sun gwammace su tafi kabari da abinsu. In kaka ta wuce bai ɗauki yaro ba, ka tura ɗaya daga cikin yaranka wani gidan inji a Bunkure ko Garun Malam ya koyo, ka biya, ba tare da ka ɓoye wa Baba ba kuma ba tare da ka rage masa ko sisi ba. Amma ban zaci za a kai nan ba. Mutumin da ya ce "abin da ubanka bai tambaye ni ba" yana gaya maka ne cewa da shi da ubanka akwai amana, yana jira ya ga ko ta mutu tare da shi.

Ka je gidansa, ba gidan inji ba, ranar Juma'a bayan an sauko. Ka riƙe goro da ɗan abin cefane, ka tafi da aminin mahaifinku, ka bar littafin a gida. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce ka yi kuskuren yaro. Ranar kada ka ambaci koyarwa ko kaɗan. In hira ta yi daɗi, ka tambaye shi yadda aka yi shi da mahaifinku suka kawo injin nan garin, da wace mota, da wanda ya ɗaura shi. Ka saurara har ya gaji don kansa.